Abin sha mai gas mai ɗanɗanon kek don baƙin hantsi: ina kuskurena?

Ummi_Kek:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah a kawo min ɗauki kafin Lahadi. Yayata ce za ta yi baƙi, mutum 12, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, irin zaman nan da ba karin kumallo ba ne kuma bai kai abincin rana ba. Ni ta ɗora wa abin sha. Na ga wani bidiyo da wata Baturiya ta niƙa sitiroberi ta zuba a dogon kofin gilashi, ta sa askirim na fanila cokali ɗaya, ta tsiyaya giyar inabi mai gas a kai, wai yana ba da ɗanɗano kamar kek ɗin sitiroberi. Mu ba ma shan giya, sai na sayo ruwan inabi mai gas wanda babu barasa na gwada jiya. Wallahi abin kunya. Ina zubawa kumfa ta taso ta malale min a tebur, wanda ya rage a kofin kuma zaƙi cau kamar an narka alewa, ga askirim ɗin ya tsinke ya yi guda-guda a sama. Bayan minti biyar gas ɗin ma babu. A ina na kuskure?

Maman_Hanifa:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata ba ke kaɗai ba ce, ni ma ya taɓa yi min haka. Ruwan inabin da sanyi ko babu? Ki fara daga nan.

Ummi_Kek:
Anti na sa shi a firji kamar awa ɗaya. Sitiroberin dai daga bilenda na juye shi, bai shiga firji ba.

Maman_Hanifa:
To ga laifi ɗaya nan. Awa ɗaya ba ta isa ba, kuma kin zuba mai sanyi a kan mai ɗumi. Bilenda ma kanta tana ɗumama abu in ta daɗe tana juyawa.

Yakubu_Otal:
Na yi shekara shida ina haɗa abin sha a wani otal, irin wannan kuwa duk safiyar Lahadi sai mun yi ɗaruruwan kofi. Bari in gaya miki babban abin da ya faru, don maganar sanyi gaskiya ce amma ba ita ce uwar matsalar ba. Giyar da Baturiyar nan ta zuba ba ta da zaƙi. Yawancin abin da ake haɗa irin wannan da shi an rubuta Brut a jikin kwalbar, ma'ana sukarin da ke ciki bai kai giram 12 a lita guda ba. Tsami ne da ita da ɗan bauri. Saboda haka ita ce take yanke zaƙin sitiroberi da askirim. Ke kuma kin kawo ruwan inabi wanda ba a taɓa sukarinsa ba, shi kuwa a mililita 100 kacal yana ɗauke da giram 14 ko fiye. Ki lissafa, ya ninka waccan fiye da sau goma. Zaƙi kan zaƙi kan zaƙi kika tara, babu mai tsawatarwa.

Malam_Lissafi:
Lissafin Malam Yakubu daidai ne. Ƙaramin cokalin shayi na sukari giram 4 ne. In kofinki ya ci mililita 150 na ruwan inabin, kin sha cokali biyar na sukari tun kafin a zo maganar askirim. Wannan ai ba abin sha ba ne, hukunci ne.

Ummi_Kek:
Innalillahi. Shi ya sa mijin yayata ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye, ya ce min "ya yi daɗi" yana neman ruwa.

Hajiya_Kaka:
Ni tambayata daban. Mene ne kuma zama da ba karin kumallo ba, ba abincin rana ba? Mutum ya tashi ya karya mana.

Rifkatu_J:
Hajiya ina kwana. Turawa ne suka haɗe sunan karin kumallo da na abincin rana suka ce brunch. Ranar hutu ake yi, a makara a tashi, a ci sau ɗaya ya ɗauki mutum har yamma. Ni kalacin hantsi nake ce masa a gidana.

Hajiya_Kaka:
Lafiya lau 'yata. To kalacin hantsi dai ya fi shiga kunne. Ku ci gaba, ina saurare.

Ɗan_Kimiyya:
Game da malalar kumfa. Iskar da ke cikin lemo mai gas narkakkiya ce a ruwan, matsi ne ya riƙe ta. Da an buɗe kwalba tana neman hanyar fita, amma ba ta iya yin ƙwayar kumfa haka kawai, sai ta samu wani abu da za ta maƙale a jikinsa, kamar ɗan zaren tsumma a kofi, ko ƙwayar sukari, ko tsaki-tsakin 'ya'yan itace. Niƙaƙƙen sitiroberi cike yake da irin waɗannan, ga 'ya'yan nan ƙanana na jikinsa, ga iskar da bilenda ta cusa masa. Kin ba gas ɗin ƙofofi dubbai a lokaci guda, ya fice baki ɗaya. Shi ya sa kika ga ambaliya da farko, bayan minti biyar kuma ya zama lami. Abu ɗaya ne ya jawo biyun. Ki gwada jefa busasshen inabi guda ɗaya a kofin lemo mai gas, za ki ga yana hawa yana sauka, kumfa na taruwa a jikinsa. Sanyi kuma da Anti Maman Hanifa ta ambata, ruwa mai sanyi ya fi riƙe iskar nan, mai ɗumi sakinta yake yi.

Maman_Hanifa:
Ka ji masu boko. Ni dai na san in ba sanyi ba ya yi.

Yakubu_Otal:
Maganin wannan a wurin aiki uku ne. A tace niƙan da rariya mai laushi, a danna da bayan cokali har sai 'ya'yan sun rage a sama. A bar shi a firji ya kwana, iskar bilenda ta fita. Sannan in za a haɗa, a zuba mai gas ɗin kaɗan tukuna, kamar cokali biyu, a juya a hankali har niƙan ya saki, kumfar farko ta kwanta, sai a karkata kofin a cika a hankali ta gefe. Wanda ya zuba daga sama tsaye kamar mai cika bokiti, shi da goge tebur.

BabanAmir:
Malam Yakubu, ni na zaci mai gas ake fara zubawa sannan 'ya'yan itacen. Haka na ga ana yi da ruwan lemon zaƙi.

Yakubu_Otal:
Da ruwan lemon zaƙi tatacce ana yin haka, don ba shi da kauri, in ka zuba shi a kai da kansa yake gaurayuwa ba sai ka juya ba. Wannan ita ce Mimosa, rabi ruwan lemon zaƙi rabi giyar inabi mai gas. Amma niƙa mai kauri in ka jefa shi cikin cikakken kofi, nan take zai yi aman kumfa. Kauri ke raba su.

Rifkatu_J:
Tunda an ambaci Mimosa, ni a gidanmu akwai masu sha, kuma nakan haɗa musu da biki. Abin da Ummi ta gani a bidiyo ɗan'uwan wani ne da 'yan Italiya ke kira Rossini, wato niƙaƙƙen sitiroberi da Prosecco, giyar inabi mai gas ta ƙasarsu. Babbar yayarsu ita ce Bellini, wadda Giuseppe Cipriani ya ƙirƙiro a Harry's Bar da ke birnin Banis, aka sa mata sunan mai zanen nan Giovanni Bellini. Ita da farin fic ake yi, ɗan itacen nan mai laushin gashi a fata da Turawa ke rubutawa peach. Kashi ɗaya niƙa, kashi biyu Prosecco. Babu askirim a ciki ko kaɗan. Askirim ɗin ƙarin masu bidiyo ne don ya yi kyau a hoto.

Chef_Nafi:
Ba gaba ɗaya ba, Anti Rifkatu. A yankin Banis ɗin dai akwai Sgroppino, da ake kaɗa daskararren lemon tsami da Prosecco da ɗan bodka, wata giya mai ƙarfi, a sha bayan cin abinci. To shi daskararren nasu irin wanda babu madara ne, ruwan 'ya'yan itace ne da sukari. Nan ne amsar tsinkewar askirim ɗin Ummi. Madara in ta haɗu da tsami dole ta tsinke, sitiroberi na da tsami, ruwan inabi na da tsami. Ki bar askirim mai madara, ki nemi mara madara, ko ki yi da kanki. Niƙan da kika tace ki raba biyu, rabi ki sa sukari kaɗan da lemon tsami ki daskarar a firiza, kina kankare shi da cokali mai yatsu duk bayan rabin awa. Sai ki ɗora ƙaramin dunƙule a kofi.

Rifkatu_J:
Na karɓi gyara, Chef. Na manta da wannan.

Ummi_Kek:
Amma Chef, ai fanila da madarar ne suke ba da ɗanɗanon kek ɗin. In na cire askirim ba ya zama lemon sitiroberi kawai ba?

Chef_Nafi:
Ke mai yin kek ce, ki tuna me hanci ke ji in an buɗe oben. Fanila ce da bawon lemon tsami da sukarin da ya ɗan gasu. Ba madara ba. Ki dafa sukari kofi ɗaya da ruwa kofi ɗaya har ya narke, ki sauke, ki sa fanila ƙaramin cokali ɗaya da bawon lemon tsami da kika fere sama-sama ban da farin, don farin ɗaci gare shi. Ki rufe ya huce, ki tace. Ƙaramin cokali ɗaya na wannan a kowane kofi ya isa ya sa mutum ya tuna kek. Sannan ki daka biskit mara gishiri ya yi gari, ki shafa wa bakin kofin zuma siriri, ki kifa shi a garin. Duk kurɓa sai leɓe ya taɓa biskit. Nan kek ɗinki yake, a bakin kofi, ba a ciki ba.

Uwargida_22:
Wannan dabarar biskit ɗin na yi ta, amma a yi hattara. Waje kawai za ki shafa wa zumar. Ni na tsoma bakin kofin gaba ɗaya, garin ya riƙa faɗawa ciki, sai ga kumfar nan da Ɗan Kimiyya ya yi bayani ta taso, ga biskit ya jiƙe yana yawo. Baƙi suka yi ta tsince shi da cokali.

Abu_Sumayya:
Afuwan, ba don in ɓata muku hira ba. Amma ni hankalina bai kwanta da yadda ake ta kiran sunayen giya a nan ba kamar ana karanta sunayen 'yan aji. Baiwar Allah ta ce ba ta sha. Me ya kawo Prosecco da bodka?

Rifkatu_J:
Malam, ba wanda ya ce ta saya. Girkin da ta kwaikwaya da giya aka gina shi, in ba a san aikin da giyar ke yi a ciki ba, ba za a san da me za a maye gurbinta ba. Kuma zauren nan akwai masu sha akwai marasa sha.

Admin_Zaure:
Malam Abu Sumayya an ji ƙorafinka. Anti Rifkatu ma ta yi bayani. Tambayar Ummi kan wanda babu barasa ne, mu tsaya a kai, wanda ya kawo misali daga ɗayan don bayani ba laifi. Kada a koma wa'azi, kada kuma a koma talla.

Abu_Sumayya:
Shi ke nan. To ni ma ga tambaya mai amfani. Kwalaben nan masu kama da na shamfen, giyar Faransa mai gas, da ake rubuta babu barasa, duk ɗaya ne?

Yakubu_Otal:
Ba ɗaya ba ne Malam, kuma tambayarka ta fi duk abin da muka faɗa muhimmanci ga mai saye. Iri biyu ne. Akwai ruwan inabi ko na tuffa da aka matse aka sa masa gas, bai taɓa zama giya ba. Shi ne mai zaƙin nan da Ummi ta saya. Akwai kuma wanda giya ce sosai aka yi, daga baya aka cire barasar da na'ura. Wannan na biyun shi ne ɗanɗanonsa ya fi kusa da na girkin, ba shi da zaƙi sosai. Amma a cikinsa wani an rubuta 0.0, wani kuma an rubuta bai wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba, wato akwai ɗan saura. Sai mutum ya juya kwalba ya karanta ƙananan rubutun baya, kada ya tsaya a babban rubutun gaba.

Abu_Sumayya:
To ni na biyun ko 0.0 ne na bar shi, tunda asalinsa giya ne. Kowa da inda zuciyarsa ta tsaya.

Ummi_Kek:
Ni ma na farkon zan tsaya a kai Malam, ko don kada a yi ta tambayata a wurin. To Malam Yakubu, in ruwan inabin ne kawai a hannuna, yaya zan kashe zaƙin?

Yakubu_Otal:
Ki sirka shi da ruwan soda, farin nan mai gas da babu sukari babu ɗanɗano. Ga yadda zan yi wa kofi ɗaya mai cin mililita 150 zuwa 180. Tataccen niƙan sitiroberi babban cokali biyu. Ruwan lemon tsami ƙaramin cokali ɗaya. Ruwan fanilar Chef ƙaramin cokali ɗaya. Sai ruwan inabi mai gas kashi ɗaya, soda kashi biyu, har kofin ya kusa cika. In sitiroberin ya nuna sosai ma kina iya barin ruwan inabin gaba ɗaya ki yi da soda zalla. Farin inabi za ki nema, ja yana dusashe launin ya koma kamar ruwan ɗorawa.

Malam_Lissafi:
Mutum 12, a ce kowa kofi biyu, kofi 24. Kowane kofi yana cin kamar mililita 120 na mai gas, jimla ya kusa lita uku. Wato ruwan inabi lita ɗaya, soda lita biyu. Kwalbar inabin mililita 750 ce, ki sayi biyu. Niƙa kuma cokali biyu mililita 30 ne, sau 24 ya kama 720, to ki tanadi sitiroberi kilo ɗaya don tacewa na cinye wani abu. Sodan ki sayi ƙananan kwalabe ko gwangwani, kada ki sayi babbar roba, don kafin ki kai ƙasanta gas ya gudu.

Maman_Hanifa:
Malam Lissafi kofi biyu? Ba ka san baƙi ba. In abu ya yi daɗi yara kaɗai sai su sha uku-uku.

Malam_Lissafi:
Hajiya ni lissafin masu kunya na yi.

Ɗan_Kimiyya:
Akwai abin da soda da lemon tsami ba za su kawo ba, wato ɗan baurin nan da ke sa baki ya bushe kaɗan mutum ya so ƙara kurɓa. Baƙin shayi na da shi. A jiƙa ganyen a ruwan sanyi a firji ya kwana, ba a tafasa ba, don na tafasa yana yin ɗaci kuma yana gurɓacewa in ya huce. Babban cokali ɗaya ko biyu a kofi. Ba wanda zai ce akwai shayi a ciki, sai dai a ji abin ya tashi daga lemon yara. Gishiri ma ɗan mitsitsi a cikin niƙan yana fito da ɗanɗanon 'ya'yan itace.

Uwargida_22:
Gishiri a lemo? Kai Ɗan Kimiyya.

Chef_Nafi:
Gaskiyarsa ne Uwargida. Ba ki sa gishiri a kwaɓin kek? Wanda za ki ɗauka da yatsu biyu ne a duk kwanon niƙan, ba a kowane kofi ba.

Anti_Larai:
Ni kuma khal ɗin tuffa nake sawa. In yanka 'ya'yan itacen, in zuba sukari daidai yawansu, in rufe a firji kwana biyu har su fitar da ruwa, in tace, in ƙara khal. Cokali ɗaya a kofin soda, shi ke nan. Yana daɗewa a firji, ba kamar ɗanyen niƙa ba da kwana biyu ya canza launi. Sai dai ba kowa ke so ba, maigidana cewa ya yi ina ba shi ruwan salak.

Ummi_Kek:
Anti Larai kwana biyu ba zan samu ba yanzu, kuma ina tsoron warin khal ya kore ƙamshin fanilar. Zan ajiye wannan sai wani lokaci.

BabanAmir:
Dole sai sitiroberi ne? Ba ko'ina ake samun mai kyau ba, wani ja ne a ido amma a baki ruwa ne kawai. Mangwaro fa? Ko abarba?

Chef_Nafi:
Mangwaro na yi sosai, shi ya fi kusa da fic a kauri. Sai dai ka zaɓi mara zare, ka sassauta niƙan da ɗan ruwa, ka ƙara lemon tsami fiye da na sitiroberi don shi ba shi da tsami. Abarba kuma kumfarta ta fi ta kowa, ko ba gas in ka kaɗa ruwanta sai ya yi kumfa. In kana son ɗanɗanon kek ɗin abarba, ka soya yankanta a kasko da sukari har ta yi ruwan zuma kafin ka niƙa. Kuma kada a kuskura a haɗa ɗanyar abarba da madara ko yogot a ajiye, akwai wani sinadari a cikinta da ke narka furotin ɗin madara ya sa ta ɗaci. Dafawa na kashe shi. Sitiroberi kuma in sabon bai da daɗi, daskararre na leda ya fi, don sai ya nuna ake tsinke shi. Ayaba ce dai ban ba da shawara ba, tana yin baƙi kuma tana yin yauƙi.

Rifkatu_J:
Wanda ya fi karɓuwa a wurina shi ne wanda na kwaikwayo daga Peach Melba, kayan zaƙin nan da Auguste Escoffier ya yi a otal ɗin Savoy na Landan don mawaƙiyar Ostireliya Nellie Melba. Fic ne da miyar rasberi, wani ƙaramin jan ɗan itace, da askirim na fanila. A kofi sai in sa niƙan fic da ruwan fanila, in cika da mai gas, a ƙarshe in ɗiga niƙan rasberi ya gangara ƙasa ya yi ja. Launi biyu a kofi ɗaya. Ina yin shi da Prosecco wa masu sha, da soda wa sauran. Abu ɗaya da na koya da wahala shi ne in bambanta kofunan sarai. Da zarar niƙa ya shiga, ido ba ya raba mai barasa da mara barasa, zaƙi kuma na ɓoye ta a baki. An taɓa yin sa'a na hango ɗiyar ƙanwata ta miƙa hannu kan tiren da ba nata ba. Tun ranar tebur daban, siffar kofi daban, kuma ni kaɗai ke zuba wancan. Ga masu juna biyu, ga masu tuƙi.

Yakubu_Otal:
Wannan gaskiya ne Anti. Prosecco tana kai kashi 11 cikin ɗari na barasa, shamfen 12, ba wasa ba ne don an sa mata 'ya'yan itace. Kuma tunda kina saye, kada rubutun Extra Dry ya ruɗe ki. Sunan kamar ya fi Brut rashin zaƙi, alhali ya fi ta zaƙi, giram 12 zuwa 17 ne a lita. Sababbin ma'aikata da yawa sun sha faɗa a kan wannan.

Hajiya_Kaka:
Ni duk wannan dogon Turanci bai dame ni ba. Abin da nake tsoro murfin nan mai harbi. An taɓa buɗe irin kwalbar nan a gabana, toshiyar ta tashi ta fasa ƙwan fitila. In ido ta samu fa?

Yakubu_Otal:
Tsoronki na kan hanya Hajiya, tana raunata ido ƙwarai. Matsin da ke cikin kwalbar shamfen ya ninka na tayar mota sau biyu zuwa uku. Na ruwan inabin yawanci bai kai haka ba, amma in da toshiya da waya ya zo, a bi shi da ladabi. Kwalba ta yi sanyi sosai, kada a girgiza. A kwance wayar babban yatsa na kan toshiyar, a rufa tawul, a karkata bakin inda babu mutum, a riƙe toshiyar gam a juya kwalbar, ba toshiyar ba. In an yi daidai ɗan huci kawai za a ji. Ƙarar nan da mutane ke tafa wa, gas ne ke tafiya a banza.

Uwargida_22:
Kuma kada a sa a firiza a manta. Ni ta taɓa fashe min cikin dare, muka zaci ɓarayi ne. Bokiti da ruwa da ƙanƙara, rabin awa ya isa.

Ummi_Kek:
To ƙanƙara a cikin kofin fa? Kuma zan iya haɗa duka a babban jug tun da safe in huta? Ni kaɗai ce, ga wainar ƙwai da kek ma ni zan duba.

Maman_Hanifa:
Ƙanƙara na tsinka shi ya zama ruwa. Ki daskarar da inabi ko yankan sitiroberi ki jefa biyu a kofi, ga sanyi ga ado. Jug kuma a'a. Ki haɗa duk abin da ba gas a jug, niƙa da lemon tsami da fanila da shayin in za ki sa, ki bar shi a firji. Kofunan ma su shiga firji in da wuri. Baƙi na zama sai ki jera kofi, ki zuba niƙa, ki bi da mai gas. Minti uku ne.

BabanAmir:
Ni ban yarda jug ba ya yi ba. Mun yi a jug a walimar ofis, an sha lafiya.

Maman_Hanifa:
An sha ai, Baban Amir. Ko ruwan famfo ka ba mutane a walima za su sha. Da gas ko babu?

BabanAmir:
Na farko-farko da gas. Na ƙarshe kam sai a hankali.

Ɗan_Kimiyya:
Duk juyewa daga mazubi zuwa mazubi asarar gas ce, kuma jug bakinsa faɗi gare shi. Dalilin dogon siririn kofi ke nan, fuskar ruwan da ke haɗuwa da iska kaɗan ce. Af, kuma maganar da ake yi wai a rataya cokali a bakin kwalba yana riƙe gas, ba gaskiya ba ce. Murfi mai kamawa da firji su ne kawai.

Anti_Larai:
Kai, shekara nawa ina sa cokalin nan!

Ummi_Kek:
Na dawo da rahoto. Yanzu na gwada kofi ɗaya da sauran sitiroberin jiya. Na tace, na sa shi a firiza minti ashirin don ba zan iya jiran gobe ba, na bi awon Malam Yakubu. Bai malale ba, alhamdu lillahi, kuma har na gama sha da gas. Fanila da biskit ɗin Chef sun yi aiki, ƙanena ya shigo ya ce wa ke gasa kek. Shayin ban sa ba tukuna. Matsala ɗaya, ni a bakina ya yi tsami kaɗan, shi kuma ya ce daidai ne, har ma a rage inabin.

Yakubu_Otal:
Kin sha shi shi kaɗai ne. Ranar Lahadi kusa da kek za a sha, bayan an ci mai zaƙi komai tsami yake ƙarawa a baki. Ki yanko kek ɗin ki gwada su tare kafin ki taɓa awon.

Chef_Nafi:
Ni a nan na saba da Malam Yakubu. In kek zai sa ya ƙara tsami, ai ƙara ruwan fanilar ya kamata ta yi, ba ta bar shi ba. Ƙa'idar da na sani ita ce abin sha kada ya gaza kayan zaƙin da ke gefensa zaƙi.

Yakubu_Otal:
Wannan ƙa'idar ta bayan abinci ce Chef, da ƙaramin kofi. Nan da hantsi ne, ga ƙwai ga mai, mutane na son abin da zai wanke baki. Shi ya sa ban ce ta rage ko ta ƙara ba, na ce ta ɗanɗana.

Maman_Hanifa:
Ku bar ja-in-ja. Ummi ki zuba ruwan fanilar a ƙaramin kofi da cokali ki ajiye a tebur, mai son zaƙi ya ƙara da hannunsa.

Ɗan_Kimiyya:
In dai ruwan sukarin ne ba laifi. Kada dai wani ya ɗebo garin sukari ya zuba a kofi mai gas, tebur ɗin yayarki zai sake wanka.

Hajiya_Kaka:
'Yata Ummi, ni da likita ya hana sukari fa? In na yi da sodan da sitiroberi da lemon tsami kawai, ban da inabi ban da fanilar dafawa, zai shawu? Kuma fanilar ita kaɗai ana iya ɗiga ta haka nan ba sai an dafa da sukari ba?